Cocin Dattawa: Labarin Majami'ar Duke Town da 'Yan Firesbiteriyan na Kalaba

Wani matashi ɗan Zariya da ke bautar ƙasa a Kalaba ya aiko mini da tambaya. Ya ce kullum in zai gangara bakin ruwa yana wuce wata tsohuwar majami'a a unguwar Duke Town, an gaya masa ta 'yan Firesbiteriyan ce, kuma wai Mary Slessor ce ta kafa ta. Shi Musulmi ne, a arewa ya san ECWA da Katolika da Angilikan da Baftis, amma wannan sunan bai taɓa jin sa ba. Yana son ya san su wane ne, me suka zo yi, kuma yaya suke tafiyar da rayuwarsu.

To, ƙanena, bari in fara da gyara, domin wanda ya ba ka labarin ya tsallake shekara talatin. A 1846 aka fara aikin mishan a Duke Town. A 1848 aka haifi Mary Slessor, kuma sai 1876 ta sauka Kalaba. Ka ga ko cikinta ba a ɗauka ba lokacin da aka fara. Ba laifin mai ba ka labari ba ne, haka muka karanta a firamare: Baturiya ɗaya ta zo ta hana kashe tagwaye, shi ke nan. Zan dawo kanta, don ta cancanci a yi maganarta. Amma ni da na tashi a ECWA, na kuma yi shekaru ina koyar da tarihin ikilisiya, abin da ya fi jan hankalina a wannan coci shi ne yadda aka gina ta a kan ƙin yarda mutum ɗaya ya zama shi ne komai. Sunan ma abin da yake faɗi ke nan.

Kalmar daga Girkanci ta fito, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. "Presbuteros" na nufin dattijo. Don haka in ka ce cocin Firesbiteriyan, da Hausa cocin dattawa ka ce. Asalinta gyaran addinin da aka yi a Turai a ƙarni na 16. John Calvin ya tsara koyarwar a birnin Jeniba, wani ɗan ƙasar Sikotlan mai suna John Knox ya zauna a wurinsa, ya koma gida da ita, a 1560 majalisar dokokin Sikotlan ta raba gari da Fafaroma. Daga nan sai aka shiga ja-in-ja na sama da shekara ɗari da sarakuna, su suna son a naɗa bishop-bishop da za su riƙa juyawa, jama'a kuma suna cewa a'a, dattawan da muka zaɓa su za su riƙe mu. An zubar da jini sosai kafin a daidaita a 1690. Littafin aƙidarsu kuwa, wanda har yau suke komawa gare shi bayan Littafi Mai Tsarki, shi ne shaidar bangaskiya ta Westminster da aka kammala a 1646.

Ga yadda tsarin yake a aikace. Kowace majami'a tana da majalisar dattawa, za ka ji suna kiranta Session. Membobi ne ke zaɓar dattawan daga cikinsu: malamin makaranta, 'yar kasuwa, tsohon ma'aikacin kwastan, likita. Ba albashi ake biyansu ba, amma ana keɓe su da addu'a a gaban jama'a kamar yadda ake keɓe fasto. Shi kansa faston dattijo ne, ana ce masa dattijo mai koyarwa, sauran kuma dattawa masu mulki. Shi ke shugabantar zama, amma ba zai iya tashi da safe ya kori memba, ko ya sayar da fili, ko ya sauya lokacin sujada don ransa ya so ba. Majami'u da yawa na yanki ɗaya su ke haɗuwa su zama Presbytery, waɗannan su haɗu su zama Sinod, a can ƙoli kuma akwai Babban Taro na ƙasa. A kowane mataki fastoci da dattawa ke zama tare. Wanda majalisar majami'arsa ta yanke masa hukuncin da bai gamsu ba, yana da hanyar ɗaukaka ƙara har sama. Shugaban kowane mataki ana ce masa Moderator, wato mai daidaita zama, kuma wa'adi gare shi, in ya cika ya sauka. Na ƙasa baki ɗaya a Najeriya sun ƙara masa laƙabin Prelate, wato irin laƙabin bishop, abin da na tabbata da John Knox zai ji, da sai ya yi tsaki, domin wannan kalmar ce kakanninsu suka yi yaƙi da ita. Najeriya ke nan, ba ma raina sarauta.

Yanzu zuwansu Kalaba. Nan ne labarin ya fi daɗi, kuma nan ne aka fi yanke masa hannu da ƙafa.

Ba daga Sikotlan tunanin ya taso ba, daga Jamaika ya taso. Bayan an 'yanta bayi a tsibirin a shekarun 1830, majami'un Firesbiteriyan na can sun cika da 'yantattun bayi da 'ya'yansu, da yawansu asalin kakanninsu wannan gaɓar tamu ce. A 1841 majalisar cocin ta Jamaika ta yanke shawarar a kai bishara Afirka. Hukumar da ke Sikotlan ta ce wannan ganganci ne, zazzaɓi zai cinye su. Suka dage. A gefe guda kuma, a 1842 sarakuna biyu na Efik, ƙabilar da ke da garin Kalaba, Eyamba na Biyar na Duke Town da Eyo Honesty na Biyu na Creek Town, suka rubuta wa Turawan Ingila takarda. An rufe musu cinikin bayi, sun koma manja, suna neman wanda zai koya musu noman auduga da kofi da sarrafa rake, ya kuma koya wa 'ya'yansu karatu. Kada ka ɗauka mutanen duhu ne aka zo fitarwa. Attajiran Efik sun daɗe suna rubutu da Turancin kasuwa, akwai ma wani ɗan kasuwarsu, Antera Duke, da ya bar littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum tun shekarun 1780. Sun san abin da suke so, ciniki suka zo yi.

Ranar 10 ga Afrilu, 1846 jirgin ruwa mai suna Warree ya iso. Jagoran tawagar Hope Masterton Waddell ne, ɗan ƙasar Ailan da ya yi shekaru yana aiki a Jamaika. Tare da shi akwai Samuel Edgerley, ma'aikacin ɗab'i, da matarsa, sai baƙaƙen fata 'yan Jamaika: Andrew Chisholm kafinta, da Edward Miller malamin makaranta. Dubi wannan jerin da kyau, fasto ɗaya, mai buga littafi, kafinta, malami. In kana neman manufar wannan coci, ga ta nan a cikin jirgi ɗaya. Aƙidarsu ita ce dole kowane mai bi ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta da kansa, da harshensa. Wanda ya yi imani da haka kuwa ba shi da mafita sai ya gina makaranta kafin ya gama ginin majami'a, ya kuma zauna ya koyi harshen mutane.

Sun koya kuwa. Hugh Goldie ya iso a 1847, ya zauna a Creek Town, ya rubuta ƙamus na Efik, ya fassara Sabon Alkawari wanda ya fito a 1862. Alexander Robb ya yi Tsohon Alkawari, zuwa 1868 Littafi Mai Tsarki ya kammala da Efik. Shi ne na farko cikakke a wani harshe na Najeriya. Na Yarbanci sai 1884, namu na Hausa kuwa sai 1932. Wannan ya sa Efik ya zama harshen karatu da sujada har a ƙasar Ibibiyo da saman kogin Kuros, kamar dai yadda Hausa ta zama harshen coci a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa ga mutanen da ba ita suka sha a nono ba. Kuma can ma, kamar nan, abin yana da masu godiya yana da masu ƙorafi, don ƙananan harsuna sun ji a jikinsu.

Tuba kuwa ba ta zo da sauri ba. Shekara bakwai suna wa'azi ba su yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Sarki Eyo yakan tara mutanensa a tsakar gidansa ran Lahadi, shi da kansa yake yi wa Waddell tafinta, ya hana cin kasuwar Lahadi a Creek Town, amma har ya rasu a 1858 bai karɓi baftisma ba. Yana da mata da yawa, yana da bayi, yana da sarauta, ya auna ya ga abin da zai bari ya yi yawa. Wanda aka fara yi wa baftisma, a 1853, shi ne Esien Esien Ukpabio, matashi daga zuriyar bayi. Ba da jimawa ba ɗan sarkin ya biyo bayansa. Ka yi tunanin wannan a garin da bawa ba ya haɗa kafaɗa da ɗa: bawa ne lamba ɗaya a rajistar coci, ɗan sarki na bin sa. A 1872 aka naɗa Ukpabio fasto, ɗan ƙasa na farko, kuma yau kwalejin tauhidin cocin da ke Itu sunansa take ɗauke da shi.

Batun da ya fi zafi a shekarun farko ba tagwaye ba ne, kisan rakiya ne. In babban mutum ya rasu, sai a kashe bayinsa da wasu matansa su raka shi. Da Eyamba ya mutu a 1847 an kashe mutane masu yawa, 'yan mishan suna ji suna gani ba su da ta cewa. A watan Fabrairun 1850 wasu manya biyu suka rasu a Duke Town, aka sake yi. William Anderson, wanda ya iso a 1849 kuma shi ne faston da ya fi daɗewa da majami'ar da kake wucewa, ya bi jiragen 'yan kasuwar manja ɗaya bayan ɗaya yana tara kaftin-kaftin, suka je wa sarakuna da murya ɗaya. Sarki Eyo ya goyi baya. Amma abin lura shi ne ta wace hanya dokar ta fito. Ƙungiyar Ekpe ce ta yi shelarta, wato ƙungiyar damisa, wadda ita ce kotu, ita ce 'yan sanda, ita ce mai karɓo bashi a ƙasar Efik. Bature bai da ikon kafa doka a lokacin, sai da ya bi ta hannun masu gari. Sannan akwai ɓangare na uku da ba a cika ambato ba: bayin gonaki da kansu. Sun haɗa kai, sun sha rantsuwar jini cewa ba za a ƙara yanka su kamar kaji ba, kuma sukan shigo gari da makamai in sun ji an taɓa nasu. Tsoronsu ya taimaka wa dokar ta zauna fiye da wa'azi. Da Eyo ya rasu a 1858, ba a kashe kowa don rakiyarsa ba.

Wani abin da suka yaƙa shi ne shan esere. Wani wake ne mai dafi da ake daka wa wanda ake zargi da maita, in ya amayar ya kuɓuta, in ya mutu an ce gaskiya ta kama shi. Bari in ɗan kauce hanya: 'yan mishan sun aika da waken nan Edinbara, masana suka yi bincike, wani farfesa Robert Christison har ya gwada ci da kansa ya kusa sheƙawa, daga ƙarshe aka fitar da sinadarin da likitocin ido suka daɗe suna amfani da shi wajen rage hawan ruwan ido. Har yau a littattafan magunguna waken Kalaba ake ce masa.

Kada in yi maka kwalliya, akwai tabo. Cocin ta karɓi masu bayi a matsayin membobi, bisa sharaɗin su sa hannu cewa ba za su sayar da su ba kuma za su riƙe su kamar barori. Wasu a Sikotlan sun ga wannan sassauci ne da bai dace ba, 'yan mishan suka ce in aka ce sai wanda bai da bawa, to babu mai shiga. A 1855 jirgin yaƙin Ingila ya yi wa Old Town ruwan wuta ya rushe garin, bisa zargin karya dokar kisan rakiya, kuma ko da yake 'yan mishan sun nuna rashin amincewa, mutanen gari sun ga cewa mai Littafi da mai igwa launinsu ɗaya. Sannan 'yan Jamaikan nan da suka sha zazzaɓi daidai da kowa, ba a ba su girma da albashi daidai da Turawa ba, tarihi ma ya fi mantawa da su.

To, ga Mary Slessor. 'Yar talakawa ce, an haife ta a Aberdeen, ta tashi a Dundee tana aikin masaƙa tun tana yarinya, ubanta mashayi. Ta zo a 1876 tana da shekara 27. Lokacin an riga an daɗe ana fama da batun tagwaye a Kalaba, matan 'yan mishan da matan gari masu bi suna ɓoye jarirai da iyayensu a harabar mishan, kuma yarjejeniyar da ƙaramin jakadan Ingila ya ƙulla da sarakunan Duke Town a 1878 ta haramta kisan. Abin da ya bambanta ta shi ne ta ƙi zaman harabar. A 1888 ta tafi Okoyong, inda ba Baturen da ke kwana, ta zauna a ɗakin ƙasa, ta ci abincinsu, ta iya Efik kamar 'yar gari, tana tafiya ba takalmi, ta tara yaran da aka yar ta raine su a matsayin 'ya'yanta. A 1892 gwamnatin mallaka ta ba ta ikon shari'a a yankin, tana zama kotu. Nan ma ka ga yadda aikin bishara da mulkin mallaka suka cakuɗe, har a jikin mutumin kirki. Ta rasu ran 13 ga Janairu, 1915 a Use Ikot Oku, aka kawo gawarta ta ruwa aka binne a Duke Town. Ba ta taɓa zama fasto ba, ba ta taɓa zama a majalisar dattawa ba, don a zamaninta ba a ba mata. Sai a 1982 cocin ta naɗa mace ta farko fasto, Mgbeke George Okore, kuma ko a hakan ta riga yawancin manyan coci-cocin ƙasar nan. Yau mata dattawa da mata fastoci ba abin kallo ba ne a wurinsu.

Gadon da za ka iya taɓawa da hannu shi ne makarantar Hope Waddell, wadda aka buɗe a 1895. Tsohon ginin benen a Glasgow aka ƙera shi, aka kawo shi gunduwa-gunduwa a jirgi aka harhaɗa. Ba boko zalla ake yi ba, ana koyar da kafinta, ɗab'i, ɗinki, gini, har gashin burodi, kuma ɗalibai na zuwa daga sassan Afirka ta Yamma. Nnamdi Azikiwe ya ɗan zauna a can, Eyo Ita da Dennis Osadebay da Akanu Ibiam duk 'yan makarantar ne. Tunda na san ku da ƙwallo: wasan da aka buga a 1904 tsakanin ɗaliban makarantar da ma'aikatan wani jirgin ruwan Ingila shi ake yawan ambatawa a matsayin wasan ƙwallon ƙafa na farko da aka rubuta a Najeriya. Ta ɓangaren lafiya kuma akwai asibitin Uburu, da sansanin kutare na Itu da Dakta Macdonald ya kafa a ƙarshen shekarun 1920, wanda ya zama gari guda mai gonakinsa da kotunsa da makarantarsa.

Akanu Ibiam shi ne irin mutumin da wannan tsari ke alfahari da shi. Ɗan Unwana ne, ya karanta likitanci a Sikotlan, ya dawo ya ƙi aikin gwamnati mai tsoka ya zama likitan mishan, ya buɗe asibiti a Abiriba a 1936. Ya shugabanci Hope Waddell, ya zama gwamnan Jihar Gabas daga 1960 zuwa 1966, ya kuma zama ɗaya daga shugabannin majalisar coci-coci ta duniya. Lokacin yaƙin basasa ya tsaya wa Biyafara, ya mayar wa Ingila lambar girman da ta ba shi. Dattijo ne a coci, ba fasto ba. Yaƙin ya raba cocin biyu a zahiri, don sojojin tarayya sun kama Kalaba a Oktoban 1967, membobi Efik suna wannan gefe, membobi Ibo na Ohafia da Abiriba da Afikpo suna wancan. Sun sake haɗuwa bayan yaƙi, amma har yau in za a raba muƙamai a Babban Taro ana lissafin ɓangarorin nan a zuci. Sunan Biyafara ma, kada ya ruɗe ka in ka gani a tsofaffin takardunsu. Tun 1858 suka kafa majalisar yanki da wannan suna, daga sunan mashigin tekun, shekara ɗari da tara kafin Ojukwu. Cocin ta koma ta Gabashin Najeriya a 1952, sannan ta Najeriya a 1960.

Dalilin da ya sa ba ka san su a Zariya ba shi ne rabon ƙasa da ƙungiyoyin mishan suka yi a farkon ƙarni na 20 don kada su riƙa karo da juna. 'Yan Sikotlan suka riƙe kogin Kuros, arewa kuma ta faɗa hannun ƙungiyoyin mishan na SIM da SUM da CMS, gwamnatin Lugga kuma ta taƙaita shigarsu masarautu. Majami'un Firesbiteriyan da ke Kaduna da Kano da Jos da Abuja ma'aikata da 'yan kasuwa daga gabas ne suka taho da su. Amma suna da 'yan'uwan aƙida a kusa da mu: cocin NKST ta Tibi da cocin CRCN ta wajen Takum da Wukari duk zuriyar Calvin ce, ta hanyar 'yan mishan masu asalin Holan daga Afirka ta Kudu da Amurka suka biyo. Mu ma a ECWA dattawa ke riƙe da majami'a, shi ya sa ranar da na fara zama a sujadarsu ban ji baƙunta sosai ba.

Rayuwar yau da kullum kuwa, ga abin da na gani. Ran Lahadi kafin a fara, fasto da dattawa suna ɗakin baya suna addu'a. Sai a shigo da babban Littafi Mai Tsarki a gaba, jama'a su miƙe, a ɗora shi a mumbari, sannan fasto ya hau. Littafin ke gaba, mutum na biye, da gangan ake yin haka. Mumbarin shi ne zuciyar ɗakin, domin wa'azi ne babban abu. Babu gumaka, babu turare. Alamar da za ka gani a bango da jikin zannuwan mata ita ce kurmi mai cin wuta amma bai ƙone ba, wutar nan da Annabi Musa ya gani, da rubutun Latin a ƙasa mai wannan ma'ana. Waƙoƙin tsofaffi ne, waɗanda Goldie da abokansa suka juya zuwa Efik, kuma in tsofaffin matan Duke Town suka ɗauki ɗaya da murya huɗu, ko ba ka jin kalma ɗaya sai tsigar jikinka ta tashi. Amma zamani ya shigo. Matasa sun kawo ganga da jita da addu'ar dare irin ta 'yan Fentikos, dattawa sun yi gunaguni sun gaji, yanzu yawancin majami'u suna haɗa biyun, taken Sikotlan da farko, rawa lokacin baiko.

Farillan ibada biyu suke riƙe da su, baftisma da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo tare don tunawa da mutuwar Almasihu. Suna yi wa jarirai baftisma ta yayyafa ruwa, yaro in ya girma ya yi ajin koyon aƙida a tabbatar da shi. Jibin Ubangiji ba kowane mako ake yi ba, kuma ana yi masa shiri. An raba membobi unguwa-unguwa, kowane dattijo da nasa gidajen, shi zai san wanda ke kwance asibiti, wanda ya rasa aiki, ma'auratan da ba sa ga-maciji. A Sikotlan ta da, dattijo kan bi gida-gida ya ba wanda ya cancanta wani ɗan ƙarfe kamar kwabo, shi ne izinin zama teburin, daga baya abin ya koma kati. Wanda aka samu da babban laifi majalisa za ta kira shi, ta saurare shi, ta iya dakatar da shi daga teburin har ya tuba. A garin da kowa ya san kowa, a ga ka zauna a baya ranar Jibi ba ƙaramin horo ba ne. Wannan tsari in ya samu dattawan kirki, maraya ba ya kwana da yunwa. In kuma ya faɗa hannun masu son girma, sai majalisa ta zama fadar 'yan gidan wane da wane, talaka ya yi laifi a dakatar da shi, mai kuɗi ya yi a ce a rufa asiri. Na ga iri biyun, kuma su ma ba sa musun haka.

Ƙarfin majami'a a hannun ƙungiyoyi yake. Ƙungiyar mata, takwarar zumuntar mata tamu, ita ce ke dafa abincin biki da na makoki, ita ke zuwa asibiti da gidan yari, kuma in ana gini ita ke fara kawo kuɗi. Akwai ta maza, akwai ta matasa da ake kira PYPAN, akwai ta 'yan mata, ga kuma 'yan Birged masu fareti da bigila, waɗanda su ma a Glasgow aka ƙirƙiro su a 1883. Wajen ƙarshen shekara ake godiyar kaka, iyali-iyali suna rawa zuwa gaba da doya da ayaba da akuya, a yi gwanjonsu a zuba a asusun coci. Jana'iza kuwa sai ka gani da idonka, ana iya ajiye gawa makonni ana shiri, abin da zai ba ɗan arewa mamaki, Musulmi ne ko Kirista. Majalisun coci sun sha ƙoƙarin rage kashe kuɗin, al'ada tana fin ƙarfinsu. Haka batun Ekpe: ko mai bi zai iya zama ɗan ƙungiyar, muhawara ce da ta girmi kakanka kuma ba ta mutu ba, don a Kalaba da wuya ka raba sarauta da Ekpe, manyan gari kuma su ne manyan coci.

In kana son ka gani da idonka, ba sai ka shiga sujada ba. Je ranar aiki da hantsi, ka yi sallama a ofishin majami'a, ka ce kai ɗan bautar ƙasa ne mai son tarihi, da wuya a rasa dattijon da zai zagaya da kai, sai dai ka shirya sauraro don ba sa gajiya da labarin. Ka karanta allunan tunawa da ke bango, ka lura da shekarun waɗanda suka mutu. Daga nan ka nemi a nuna maka maƙabartar mishan inda kabarin Slessor yake, a kan tudu mai kallon kogi. In ka samu Asabar, ka shiga kwalekwale mai inji zuwa Creek Town, can ne Goldie ya zauna, can aka yi wa Ukpabio baftisma, kuma mutanen garin za su gaya maka cewa tasu majami'ar ce uwa, ba ta Duke Town ba. Kada ka sa baki a wannan gardamar. In ka dawo da yunwa, Bogobiri, unguwar Hausawa, ba nisa, 'yan'uwanka na nan da tsire da shayi.